Takalmin Ƙarfen Inna

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina da shekara ashirin da ɗaya, ina koyar da 'yan aji biyu a makarantar elemantare ta Bagudo. Mahaifina ya riga ya rasu, ƙanwata tana aure a Kende, saboda haka mu biyu ne a gida, ni da Inna. Ni ne ɗanta na fari, kuma tana jin kunyata irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarami "kai wannan" take ce mini, da na fara koyarwa ta koma ce mini Malam, ta huta.

Sana'arta bandar kifi. Takan sayi ɗanye a hannun masunta a bakin gulbi, ta yi bandarsa a bayan ɗakinta, ta jera a kwando ta bi kasuwanni da shi. Wannan mako Kende, wani mako Dole Kaina, wani lokaci har ta ƙetara Dahome, ƙasar da yanzu ake ce wa Benin. Tana jin Dandanci kamar yadda take jin Hausa. Mace ce mai saurin tafiya. Da kaya a kanta ma sai na haɗa da sassarfa nake cim mata.

Bayan bikin mulkin kai da 'yan makonni, tutocin takarda da muka yi da yara ba su ma gama yagewa a bangon aji ba, maƙwabciyarmu ta zo har bakin taga da hantsi, ko mayafi babu. Da hannu kawai ta yafito ni. Na iske Inna kwance a gefen murhun banda, kifi yana ƙonewa, bakinta ya karkace, miyau yana bin kumatunta. Idonta a buɗe yake, tana kallona. Na ɗaga hannunta na hagu, na sake shi, ya faɗi kamar igiya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan hantsi ba. Na tuna ina ta ce mata ta tashi, kamar wanda yake magana da yaro mai ƙiwuya.

Kowa da abin da ya faɗa. Wasu suka ce iska ce ta buge ta a hanyar gulbi. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kawo saiwoyi daga wajen Fulani. Malamin asibitin garinmu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ɗaura mata abin awo a damtse, ya ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya shanye mata ɓarin jiki. Na tambaye shi ko za ta tashi. Ya ce wasu suna tashi.

Ƙanwata ta zo ta yi wata biyu tana jinya, sannan dole ta koma ɗakinta saboda tsohon ciki. A lokacin magana ta dawo wa Inna, ko da yake da nauyi-nauyi. Hannun bai dawo ba. Ƙafar kuwa ta dawo rabi. Tana iya miƙewa ta dafa bango, cinya tana ɗauka, gwiwa tana ɗauka, amma daga idon sawu zuwa ƙasa abin ya ƙi. Tafin ƙafar ya langaɓe yana kallon ƙasa, ya kuma murɗe ciki. In ta ɗaga ƙafa sai yatsu su ja ƙasa, in ta sauke sai ta taka da gefe. Taku uku, huɗu, sai ta kife.

Ga ta da rashin son zama. Ina fita makaranta za ta rarrafa ta kama bango. Sau biyu ina dawowa in same ta a ƙasa a tsakar gida, ta kasa tashi, rana tana dukanta. Na uku a bakin murhu na same ta, gefen zanenta ya fara cin wuta, ita kuma ba ta sani ba, don ɓangaren da ba ta ji ne. Daga ranar na daina koyarwa da hankalina. Ina rubutu a allo kunnena yana waje. Duk macen da ta gifta ta bakin taga sai gabana ya faɗi.

Ana nan sai ƙawarta ta zo dubiya. Cikin Dandawan ƙetaren iyaka take, sun shekara ashirin suna zama gefe da gefe a kasuwa, ni kuma Gwaggo nake ce mata. Ta zauna ta kalli yadda Inna take jan ƙafa, sannan ta kira ni waje ta ce a garinsu akwai wani ƙaramin asibitin mishan, ta ga yaran da ƙafa ta shanye musu suna fitowa daga ciki da takalmi mai ƙarfe, suna tafiya da kansu. Ba ta san ko ana yi wa manya ba. Ta ce in dai zan iya kai ta, ita za ta yi mana jagora.

Na shafe mako ina juya maganar. In na bar ta, wata rana wuta ce za ta cinye ta ina aji. In na ɗauke ta, kwana biyu ne a kan ruwa, kuma lokacin sanyi ne, lokacin da gulbi yake cika da ruwan da yake gangarowa daga nesa. Da na faɗa wa Inna ba ta yi musu ba. Ta ce ita dai gulbi ba baƙonta ba ne.

Da hutun makaranta muka tashi. A kan jaki muka kai ta bakin ruwa, ni ina riƙe da ita ta hagu, Gwaggo tana jan akala. Muka shiga babban jirgin fatake mai ɗauke da buhunan albasa, aka jingina ta da buhu a gefe. Ranar farko lafiya. Rana ta biyu da la'asar na juya zan ba ta ruwa, sai na ga hannunta na hagu ya zame ya faɗa gulbi, yana jan ruwa har gwiwar hannu. Ban san tun yaushe yake ciki ba. Wurin kuma ɗazu-ɗazu matuƙin ya nuna mana kada a kan yashi. Na fizgo hannun da ƙarfi har jirgin ya yi tangaɗi, matuƙin ya daka mini tsawa. Fatar yatsun duk ta yamutse ta yi fari. Inna ta dube shi kamar hannun wani, ta tambaye ni me ya jiƙa shi. Sauran tafiyar a kan cinyata na riƙe shi.

A iyaka muka iske sabon abu. Da can 'yan kasuwa wucewa kawai suke yi, yanzu an kafa rumfa da sabuwar tuta, ga jandarma da bindiga a kafaɗa. Ya nemi takarda da Faransanci. Ni kuma da wautata na amsa masa da Turancin Ingilishi, abin ya ƙara ɓata masa rai. Ya nuna mini benci ya ce in zauna, ya kira ɗan'uwansa. Na zauna ina tunanin in suka tsare ni wa zai ɗaga Inna. Ita ce ta yi masa magana daga inda aka ajiye ta a kan tabarma, da Dandanci, da bakin nan nata mai nauyi. Ban ji duka ba. Daga baya Gwaggo ta ce tambayarsa ta yi ɗan wace unguwa ne, ashe ta san kakarsa. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya bar mu muka wuce.

Asibitin ɗakuna uku ne da baranda. Mai kula da shi wata tsohuwar Baturiya ce mai farin lulluɓi, irin matan mishan da ba sa aure. Ta sa aka kwantar da Inna, ta kama ƙafar ta lanƙwasa sama da ƙasa, ta soka mata tsinke a tafin ƙafa da idon sawu. Inna ba ta motsa ba. Maganarta sai ta bi ta baki biyu kafin ta iso gare ni: ita ta faɗa da Faransanci, ma'aikacinta ya mayar Dandanci, Gwaggo ta mayar mini Hausa. Abin da ya iso shi ne, ƙafar za ta iya tafiya in an sami abin da zai riƙe idon sawu kada ya faɗi, amma su na yara kawai suke da shi.

Ina jin ta ga yadda fuskata ta koma. Ta shiga ciki ta fito da wani tsohon na yaro wanda ya karye a gefe ɗaya. Takalmi ne na fata, an soke ƙarfe biyu a dunduniyarsa, sun miƙe ta gefe da gefen ƙwauri har ƙasan gwiwa, inda wani maɗauri ya haɗa su. Akwai wani maɗaurin kuma a idon sawu mai janyo ƙafa ta daina murɗewa. Ta shimfiɗa takarda ta zana ƙafar Inna a kai, ta ba ni duka biyun, ta ce in kai wa maƙeri. Sannan ta riƙe hannuna ta faɗi wata magana sau biyu. Ita ma ta iso gare ni sarai, ba zan ce tafinta ne ya ɓatar da ita ba: a cire takalmin kullum, a duba fatar safe da yamma, domin ko ƙarfen yana cin namanta ba za ta ji ba.

Maƙerin unguwarmu garma da lauje ya saba ƙerawa. Ya juya abin nan a hannunsa ya fi sau goma, ya ce a ba shi kwana biyar. Ya samo rodin tsohon gado ya buge shi, baduku ya ɗinka takalmin da maɗauran. Ranar da na kawo shi gida ina murna, na ajiye a gaban Inna a kan tabarma.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja jikinta baya da hannu ɗaya har ta jingina da bango.

"Malam, wanga mari na," ta ce. "Ɗauke shi."

Na ce ba marin ɗaure mutum ba ne, takalmi ne, ai a gabanta Baturiyar ta nuna mana. Ta ce wancan na yaro ne, ƙarami, kamar abin wasa, wannan kuwa ta san shi. A ranar ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Mahaifiyarta, wadda ta rasu kafin a haife ni, an kamo ta ne tana budurwa, aka taho da ita da mari a ƙafa. Har ta mutu tabon yana zagaye da idon sawunta, fari, gashi ba ya fita a wurin. Inna ta ce tana yarinya ita take shafa mata man kaɗe a kai. Tana faɗa jikinta yana karkarwa, har ɓarin da ba ya motsi kamar yana rawa. Na ɗauke takalmin na kai ɗakina.

Ya yi kwana goma a ƙarƙashin gadona. Ban sake tayar da maganar ba. A cikin kwanakin ƙanwata ta haihu a Kende, aka yi suna ba Inna. Da 'yan suna suka dawo suna ba ta labarin jaririyar, ta ƙi cin tuwo. Ni kuma na mayar wa baduku takalmin na ce ya rufe ƙarfen duka da jar fata, kada a ga ko ɗigonsa. Na sake kawo mata. Ta kau da kai gefe, ta miƙo ƙafar.

Na kafa gora biyu a tsakar gida, tsayin ƙugu, daga ƙofar ɗakinta zuwa gindin randa. Ta kama ta dama da hannunta mai lafiya, ni ina bayanta na riƙe ɗamararta. Ta ɗaga ƙafar, yatsun ba su ja ƙasa ba. Ta sauke, dunduniya ta fara taɓawa, tafin ya zauna daidai. Ta tsaya tana kallon ƙafar. Ta sake ɗagawa. Ranar ta kai randa ta dawo, zufa ta jiƙa mu duka biyu. Cikin mako uku ta bar gora ta koma sanda. Cikin wata guda tana kai kanta bayan gida ba mai riƙe ta.

Makon farko na duba ƙafar safe da yamma kamar yadda aka ce. Amma kowace dubawa azaba ce gare ta. Ɗan fari ya tsuguna ya kama ƙafar uwarsa yana jujjuyawa, ita a wajenta abin kunya ne babba. Sai ta rufe fuska da gefen zane. Mako na biyu ta ce ta iya da kanta, ta duba ba komai. Na yarda, domin ni ma nauyin abin nake ji, kuma ga ta tana tafiya. Abin da ban sani ba, da hannu ɗaya ba ta iya ɗaura maɗauran, kuma ba ta son ta kira ni. Sai ta daina cirewa gaba ɗaya. Da shi take kwana, da shi take tashi, alwala ma shafa take yi a kai.

Wata safiya na shiga gaishe ta na iske ba ta tashi ba, jikinta zafi kamar garwashi, tana cewa kaluluwa ta fito mata. Akwai wani wari a ɗakin. Na san warin kifi tun ina goye, wannan ba shi ba ne. Ban nemi izininta ba, na tsuguna na kwance maɗauran. Takalmin ya ƙi fita saboda kumburi, sai da na yanka fatar da reza. A ƙasan idon sawu ta waje, inda kan ƙusar maƙeri ya huda jar fatar, akwai rami da babban yatsana zai shiga. Bakinsa ya yi baƙi, mugunya tana fita, ja ya haura ƙwauri. Na fita waje na yi amai. Na dawo na same ta tana ƙoƙarin leƙa wurin, tana tambayata me na gani.

Da gudu na je na kira malamin asibiti. Ya wanke ramin, ya yanke mataccen naman da almakashi, Inna tana kallonsa ko ƙiftawa ba ta yi. Rashin kukan nan nata ya fi ba ni tsoro a kan komai. Ya yi mata allura, ya naɗe da bandeji. Sannan ya tsoma tsinke a shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo, ya ja layi a ƙwaurinta daidai inda jan ya tsaya. Ya fitar da ni zaure.

"In ya ƙetare layin ga, ba aikina ba na kuma," ya ce. "Sai babban asibiti. Can kuwa ka san abin da suka yi ma irin wagga ƙafa."

Na sani. Akwai wani mai yankakkiyar ƙafa da yake zama a bakin kasuwarmu.

Bai tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba. Amma ni na san wanda Baturiyar ta riƙe wa hannu. Na aika wa hedimasta cewa ba zan zo ba. Kullum da safe malamin asibiti yana zuwa da allurarsa, mu buɗe ƙafar tare. Rana ta biyu jan yana kan layin. Rana ta uku ya ɗan haura ta gefe ɗaya, kamar faɗin ƙwayar gero biyu. Ya daɗe yana kallo, ya ce a ƙara kwana ɗaya. A wannan yinin na je tasha na tambayi ranar da mota take zuwa, na dawo na kasa shiga gida, na zauna a zaure ina ta lissafin yadda zan gaya mata. Ita kuwa zazzaɓi ya sa tana sambatu da Dandanci, tana ciniki da mutanen da ba sa nan. Maƙerin ya zo da yamma ya tsaya a ƙofa, ya cire hula. Na ce masa ba laifinsa ba ne.

Rana ta huɗu jan bai ƙara ba. Ta biyar ya koma ƙasan layi, zazzaɓin ya sauka, ta nemi kunu. Malamin asibiti ya ce in koma aji. Ramin kuwa sai da ya yi wata biyu da rabi kafin ya cike, kuma duk tsawon lokacin tana zaune, ba takalmi, ba tafiya. Abin da ta samu na ƙarfin cinya duk ya zube.

Ni na riga na yanke a raina an gama da ƙarfe. Na jefa shi a rumbu. Gara ta zauna da ƙafa biyu da ta yi tafiya da ɗaya. Da tabon ya bushe sai ga shi ita ce ta tambaya ina takalminta. Na ce ya lalace. Ta ce a gyara. Na ce ina jin tsoro, kuma wannan ne karo na farko da na taɓa faɗa mata haka tun da na girma.

"Ni ma ina ji," ta ce. "Amma ɗiyar ƙanwarka ta kusa zama, ban gan ta ba. Kai shi wurin maƙeri. In ƙafar za ka duba, ka duba. Na bari."

Maƙerin ya buɗa ƙarfen ya ba idon sawu fili, ya mayar da kan ƙusoshin waje, ya goge su sumul. Baduku ya yanko buzu mai laushi ya shimfiɗa ta ciki. Muka koma kan gora daga farko, wannan karon da ƙa'ida: ta sa da hantsi, a cire da azahar in duba, a mayar da la'asar, a cire kafin magariba. In na ga wuri ya yi ja sai in danna da yatsa in jira ya washe. In bai washe ba, ranar ba tafiya, ko za ta yi fushi. Tana yi kuwa. Fuskarta dai ba ta daina rufewa da zane ba, amma ƙafar tana miƙowa.

Bayan damina muka je Kende. A kan jaki ta yi hanyar, amma a bakin gari ta ce a sauke ta. Ta shiga gidan surukanta da ƙafarta, sanda a dama, hannun hagu a soke cikin zane, ina biye da ita taku ɗaya a baya, hannuwana a buɗe. Aka ɗora mata jikarta a cinya, har yarinyar ta fara rarrafe.

Ba ta sake ƙetare gulbi ba, ba ta kuma sake banda da kanta ba. Maƙwabciyarmu ce take yi, ita kuma ta zauna a kasuwar Bagudo ta sayar. Daga gidanmu zuwa rumfarta tafiyar da take yi da can kafin a gama gaisawa ce, yanzu sai ta huta sau uku a hanya. Watannin farko ina raka ta har rumfa kafin in wuce makaranta, daga baya ta hana, ta ce mutane za su ce ta zama yarinya. Sai in tsaya a bakin zaure in bi ta da ido har ta sha kwana, sannan in bi ta wata hanyar in leƙa daga nesa in tabbatar ta zauna. Ina jin ta sani. Shekara shida ta yi a haka, mun canja takalmi uku, gyambon bai sake dawowa ba. Ciwon ne ya dawo mata karo na biyu, wata ranar kasuwa, tana zaune a rumfarta, kuma wannan karon kwana biyu kawai ta yi, ta rasu.